Faifan digiri da agogon awo: sharhi kan kayan auna taimin ɗin bawul a tsofaffin babura

Kayan da wannan sharhi ya shafa akwati ne na baƙar roba da ake samu a wasu shagunan kayan aikin kanikanci da kuma ta intanet, kuma ba ya ɗauke da sunan wani kamfani a jikinsa. A cikinsa akwai faifan alminiyam mai faɗin santimita 18 wanda aka zana wa digiri 360 a baki, da agogon awo mai allura wanda kowane zane a fuskarsa kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, da gindin maganaɗisu mai hannuwa biyu na riƙe agogon, da wata ƙusa mai zare da ake ɗaurawa a ramin fulogi domin ta tare fistin, sai 'yan wosha da guntuwar waya. Amfaninsu duka ɗaya ne, wato a gane daidai lokacin da bawul, ƙofar da ke shigar da fetur cikin silinda ko fitar da hayaƙi, yake buɗewa da lokacin da yake rufewa idan aka gwada da tafiyar fistin, abin da ake kira taimin ke nan. Na yi aiki da su a kan tsofaffin injina uku masu silinda ɗaya, Honda C70 da Honda CG125 da Royal Enfield Bullet 350, kuma ra'ayina shi ne akwatin ya cancanci kuɗinsa ga wanda buɗe inji ne sana'arsa, duk da cewa rabin abin da ke ciki ba don babur aka ƙera shi ba, kuma sai mai shi ya yi masa gyare-gyare kafin ya more shi.

Saiti biyu ne ake yawan cuɗawa a gareji, na lokacin da fulogi ke ba da wuta da na lokacin da bawul ke motsi, kuma na biyun ne ake magana a nan. Injinan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin na tsofaffin Vespa da Suzuki da Yamaha, ba su da irin wannan bawul, saboda haka batun bai shafe su ba. A injin da ke da bawul, fistin yana sauka ya shaƙi fetur da iska, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Kafin a kammala waɗannan matakai huɗu kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu, digiri 720 ke nan, alhali kamshaf, sanda mai tudu da ke tura bawul, sau ɗaya kawai ya juya. Abin da ya sa awon yake da muhimmanci shi ne bawul ba ya jiran fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Bawul ɗin shaƙa yana fara buɗewa tun fistin bai kai ƙololuwa ba, kuma ba ya rufewa sai fistin ya wuce ƙasa ya fara hawa, domin iskar da ta riga ta ɗauki gudu tana ci gaba da kwarara cikin silinda. Bawul ɗin hayaƙi kuwa yana buɗewa tun fistin bai kai ƙasa ba, ya rufe bayan ya wuce ƙololuwa. Akwai ɗan lokaci a saman tafiyar da dukansu biyu suke buɗe tare, hayaƙin da ke fita yana taimakawa wajen jawo sabon fetur. Idan wannan tsari ya gusa da 'yan digirori, babur zai tashi ya yi tafiya, amma zai rasa ƙarfi a hawa, ya riƙa zafi da shan mai fiye da ƙa'ida, wani lokaci ya riƙa atishawa ta kafireta. Idan gushewar ta yi yawa, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi.

Kamfanonin da suka ƙera waɗannan injina sun sauƙaƙa aikin da alamomi. A Honda C70, da 'yan uwansa C50 da C90, akwai harafin T da harafin F a jikin maganeto, wato ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke juyawa a bakin kiranshaf. Ana juya maganeto har T ya daidaita da tsagar da ke jikin kes, wato gangar jikin injin, sannan a tabbatar alamar O da ke giyar kamshaf ta fuskanci tsagar da ke jikin tof silinda, wato kan injin inda bawul suke, a ɗora sarƙar da ke haɗa kiranshaf da kamshaf, a ɗaure. Harafin F na wutar fulogi ne. Giyar kamshaf ta C70 haƙora 28 gare ta, ta kiranshaf 14, wanda ke nufin tsallake haƙori ɗaya tak yana gusar da bawul da kusan digiri 26 na juyin kiranshaf. Kuskure mai girman haka ba ya buƙatar faifai, ido ma yana ganinsa, kuma kowane yaron gareji da ya yi shekara a hannun ogansa ya san yadda ake kauce masa.

Wani dattijon makanike da nake girmamawa, wanda ya fara sana'a tun waɗannan babura suna sababbi, ya dubi akwatin ya gaya mini cewa bai taɓa buƙatar irinsa ba, domin wanda ya ƙera injin ya riga ya yi awon ya bar alama. Gaskiyarsa ce a kan injin da bai daɗe da fitowa daga kamfani ba. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, alamar tana faɗin gaskiya ne kawai idan duk abin da ke tsakanin fistin da bawul yana nan yadda aka ƙera shi, kuma injin da ya shekara arba'in ko hamsin yana yawo daga hannu zuwa hannu da wuya ya kasance haka. Sarƙar taimin tana miƙewa da tsufa, kuma miƙewarta tana sa kamshaf ya riƙa makara. Idan an taɓa goge fuskar tof silinda domin ta daina yoyo, tazarar da ke tsakanin kiranshaf da kamshaf ta ragu, nan ma kamshaf ya makara. Ɗan ƙarfen nan mai siffar jinjirin wata da ake kira ki, wanda ke riƙe maganeto a gurbinsa, yana iya cinyewa ko ya tsage, sai maganeto ya ɗan zame, harafin T ya daina nuna ƙololuwa ta gaskiya. Ga kuma kayan gyara na kwaikwayo da suka cika kasuwa, waɗanda wani lokaci ake buga musu alama a inda bai dace ba, ko a ɗauko maganeton wani samfurin a ɗora wa wani don kawai ya shiga. A duk waɗannan halaye alamomi za su haɗu tsaf, makanike ya rufe inji da natsuwa, mai babur kuma ya yi ta canza fulogi da wanke kafireta ba tare da samun sauƙi ba. Aikin wannan akwati shi ne ya binciki alamomin da kansu.

Matakin farko shi ne gano ainihin ƙololuwar fistin, kuma a nan ne na fi ganin darajar kayan. Hanyar da aka saba ita ce a cire fulogi a zura sukundireba a ramin, a juya inji har a ji ta daina hawa. Matsalar ita ce fistin kusan tsayawa yake yi a saman tafiyarsa. A injin C70, wanda tafiyar fistinsa milimita 41.4 ce, idan kiranshaf ya wuce ƙololuwa da digiri 5 fistin bai sauka fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma babu yatsan da zai ji wannan ta jikin sukundireba. Mutum zai iya kuskurewa da digiri biyar ta kowane ɓangare yana ganin ya dace. Ƙusar tare fistin tana kauce wa wannan ne ta hanyar auna fistin a inda yake tafiya da sauri. Ana ɗaura ta a ramin fulogi, a juya inji da hannu a hankali har fistin ya taɓa ta, a karanta lambar da wayar nuni ta nuna a faifan da aka ɗaura a bakin kiranshaf. Sai a juya ta ɗaya ɓangaren har ya sake taɓa ta, a sake karantawa. Ƙololuwa tana tsakiyar waɗannan lambobi biyu. Idan an karanta 32 a gefe ɗaya da 26 a ɗayan, sai a lanƙwasa wayar nuni har kowane gefe ya ba da 29, daga nan sifilin faifai ya zama ƙololuwa ta gaskiya. Wajibi ne a sassauta tafet, wato ƙusar da ake saita tazarar bawul da ita, gaba ɗaya kafin a fara, domin ramin fulogi a karkace yake, kuma bawul ɗin da ya buɗe zai iya cin karo da ƙusar ya lanƙwashe. Haka kuma ba a taɓa kik yayin da ƙusar take ciki.

Sai dai ƙusar da ta zo a akwatin zarenta na milimita 14 ne, irin na fulogin mota. Fulogin C70 na milimita 10 ne, na CG125 kuma 12, saboda haka a injina biyu daga cikin ukun ba ta shiga ba sam. Wannan babban gibi ne a kayan da ake tallatawa ga masu babura, kuma babu inda aka rubuta girman zaren a jikin akwatin. Maganin ba shi da tsada. Na ɗauki tsohon fulogi na kowane inji, na fasa farin tangaran ɗin da guduma na fitar da shi, na yanke ƙugiyar da ke ƙasa, sannan mai walda ya liƙa guntun ƙarfe a ciki wanda ya leƙo kamar santimita ɗaya da rabi, na goge bakinsa da fayil ya yi santsi ya zagaye yadda ba zai yi wa kan fistin tabo ba. Waɗannan na gida sun fi ta akwatin aiki, domin ba su da wani noti da zai sassauta tsakanin karatu na farko da na biyu, kuma ko ɗan motsi kaɗan a wannan wuri yana ɓata lissafin duka.

Faifan shi ne abin da ya fi kyau a cikin akwatin. An sassaƙa zanen ne a jikin ƙarfen, ba fenti kawai aka shafa ba, don haka fetur da baƙin mai ba sa goge shi. A faɗin santimita 18 kowane digiri yana cin fiye da milimita ɗaya da rabi a bakin faifai, wanda ya isa a karanta rabin digiri ba tare da matse ido ba. Akwai manyan faifai da suka fi wannan sauƙin karatu, amma a babur za su ci karo da matakin ƙafa da sandar giya, kuma ko wannan ɗin sai da na cire sandar giya da matakin C70 kafin ya juya ba tare da gogar komai ba. An rubuta sunayen matakan inji a jikinsa da Turanci, amma an tsara su ne bisa juyi irin na hannun agogo, alhali maganeton waɗannan Honda, idan an tsaya a gefen hagu, akasin haka yake juyawa. Shawarata ita ce a yi watsi da rubutun, a dogara da lambobi kawai, a ɗauki alƙalami a rubuta kowane karatu a takarda tare da bayanin ko kafin ƙololuwa ne ko bayanta. Ramin tsakiyar faifan ya fi bakin kiranshaf faɗi nesa, kuma babu ko ɗaya a cikin woshan da aka haɗo da ya dace, saboda haka sai da aka sassaƙa mini wata 'yar zobe a wurin masu injin sassaƙa ƙarfe domin faifan ya zauna a tsakiya. Faifan da bai zauna a tsakiya ba yana ba da karatu daidai a wani gefe, ya yi kuskure a wani. Wayar nunin da ta zo da shi siririya ce ƙwarai, tana rawa da an taɓa babur, ga shi kuma maganaɗisun maganeto yana janta. Na maye gurbinta da guntun tagulla mai kauri wanda na fere bakinsa, na ɗaure shi da ɗaya daga cikin notunan kes.

Agogon awon ya ba ni mamaki, domin ban sa ran samun mai kyau a akwati marar suna ba. Allurarsa tana komawa sifili duk lokacin da aka saki bakinsa, kuma da na gwada shi da filageji, wato siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin da na sani, bambancin bai wuce zane ɗaya ba. Tafiyarsa milimita 10 ce, wadda ta wadatar ga ɗagowar bawul ɗin waɗannan injina. Gindin maganaɗisun kuwa kusan ba shi da amfani a nan, saboda tof silindan waɗannan babura na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi. Idan aka manna shi a jikin firam, duk lokacin da aka juya inji sai allura ta yi rawa, musamman da yake hannuwan ba sa ɗaurewa tamau. Abin da ya yi aiki shi ne faffaɗan guntun ƙarfe mai kauri da na huda na ɗaure a kan ɗaya daga cikin notunan tof silinda, sannan na manna gindin a kansa, na gajarta hannuwan iyakar yadda za su gajartu. Dole ne bakin agogon ya tsaya a layi ɗaya da sandar bawul, domin idan ya karkace zai nuna ɗagowar da ba ita ba ce. A C70 wannan aiki ne mai cin rai, saboda injin a kwance yake, bawul ɗin shaƙa yana sama, na hayaƙi yana ƙasa yana kallon ƙasa, kuma ramin tafet ɗin ƙarami ne. Sai an ƙara wa agogon dogon baki, kuma wanda yake so ya huta da kwanciya a ƙasa gara ya sauke injin ya ɗora a kan benci.

C70 ɗin da na auna yana tashi da bugu ɗaya, amma ba ya jan kaya, kuma an riga an canza masa ringi ba tare da an ga wani bambanci ba. Da aka gano ƙololuwa ta gaskiya, harafin T ya faɗi daidai, wanda ya wanke maganeto da ki daga zargi. Littattafan gyara na Honda da yawa suna ba da lokacin bawul ne a daidai inda ya ɗago milimita 1, domin farkon ɗagowar a hankali yake, ba a iya tantance inda ya fara. Na bi wannan ƙa'ida, ina juya injin ta hanyar da yake juyawa idan yana aiki kawai, saboda komawa baya yana sakin sarƙa ya ɓata karatu. Na rubuta inda kowane bawul ya kai milimita 1 wajen buɗewa da wajen rufewa, sannan aka sa sabuwar sarƙa da sabuwar tayar roba mai bi da ita da sabon abin ɗame ta, na sake aunawa. Duka lambobi huɗun sun dawo gaba da kusan digiri 6. Da tsohuwar sarƙar, alamar O ba ta kauce wa tsagarta da abin da ya wuce kaurin layin ba, irin kaucewar da kowa zai ce ba komai. Bayan an mayar da tafet kan milimita 0.05 da injin yana sanyi, babur ɗin ya dawo da jan da ya rasa a giya ta biyu da ta uku. Ba zan ce faifan ne ya gyara shi ba, domin makanike mai lura zai iya canza sarƙar bisa zato. Abin da faifan ya yi shi ne ya nuna girman matsalar da lamba kafin a kashe kuɗi, kuma da an auna tun farko da ba a sayi ringi ba.

CG125 ya fi ba da darasi. Honda ta fito da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya wasu ƙasashen Asiya a 1974 sun ga yadda ake lodin babura fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya lalace ba a canza ba, abin da ke cinye kamshaf ɗin da ke zaune a saman inji. Sai suka sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, suka cire sarƙa suka sa giya, suka bar tudu ɗaya tak a jikin kam wanda ke tura bawul biyun ta sanduna. Wannan ne ya sa injin ya jure wahalar hanyoyinmu, kuma shi ne tsarin da kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya a baburan da suka cika garuruwanmu daga baya. Saita shi abu ne mai sauƙi, ɗigon da ke giyar kiranshaf ya haɗu da ɗigon da ke giyar kam, kuma tunda babu sarƙar da za ta miƙe, mutane suna ɗauka cewa taimin ɗinsa ba ya taɓa gushewa. Amma ƙaramar giyar da ke jikin kiranshaf danna ta ake yi da ƙarfi, ba ki ne ke riƙe da ita ba, kuma idan aka cire ta domin canza boris aka mayar ba a kan gurbinta na asali ba, ɗigo zai haɗu da ɗigo alhali dukan tsarin ya gusa. Haka na samu a injin da na auna. Da na gwada karatunsa da na wani lafiyayyen inji irinsa wanda ba a taɓa raba kes ɗinsa ba, bawul biyun duka sun makara da kusan digiri 9. Tsallake haƙori ba zai gyara wannan ba, domin zai wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, saboda haka sai da aka fitar da kiranshaf aka sake danna giyar. Ban ga wata hanyar da za a gano irin wannan kuskure ba in ba da faifai ba, kuma wannan aiki ɗaya ya isa hujjar ajiye shi a gareji. Tazarar tafet ɗin CG125 milimita 0.08 ce.

Bullet 350 na wani abokina ne, daga cikin waɗanda aka ƙera a Madras ta Indiya, wadda yanzu ake kira Chennai, inda aka fara haɗa wannan babur na Ingila a 1956. A nan ne kawai ƙusar akwatin ta shiga, saboda fuloginsa na milimita 14 ne. Injin yana da kam biyu dabam-dabam, ɗaya na shaƙa ɗaya na hayaƙi, kowanne da giyarsa da ɗigonsa, don haka ɗaya na iya zama daidai ɗayan ya kauce. Littafin gyaransa ya ba da lambobin a fili: idan an buɗe tafet zuwa inci 0.012, wato kusan milimita 0.3, bawul ɗin shaƙa yana buɗewa digiri 30 kafin ƙololuwa ya rufe digiri 60 bayan ƙasa, na hayaƙi kuma ya buɗe digiri 75 kafin ƙasa ya rufe digiri 35 bayan ƙololuwa. Wannan tazara ta awo ce kawai. Bayan an gama dole a mayar da sandunan da ke tura bawul yadda za su juya da yatsa ba tare da wasan sama da ƙasa ba, domin haka ake barin su idan babur zai hau hanya. Mai buɗe murfin giyoyin kam kuma ya sani cewa notin da ke bakin kiranshaf a wannan gefe, wanda ke juya famfon mai, zarensa na hagu ne, kuma wanda ya murɗa shi yadda aka saba ƙara ɗaure shi yake yi. Na ɗora faifan ne ta gefen kulochi bayan an tsiyaye man da ke wurin. Abokina ya daɗe yana zargin cewa wani ya haɗa kam ɗin ba daidai ba, amma duka lambobi huɗun sun faɗi kusa da na littafi, bambancin 'yan digirori ne irin wanda wasan tsofaffin giyoyi ke kawowa. Da aka koma kan wutar fulogi, ta amfani da sifilin da faifan ya riga ya tabbatar, sai aka ga a can makarar take. Awon ya hana a taɓa abin da lafiyarsa ƙalau.

Babban abin da na fi ƙorafi a kai shi ne rashin takardar bayani. Akwatin ya zo da 'yar takarda guda mai hoton injin mota mai silinda takwas, ba ta ambaci sassauta tafet ba, ba ta ambaci juyawa ta hanya ɗaya ba, ba ta kuma bayyana cewa lambobin littafi ba su da ma'ana sai an san ɗagowa ko tazarar da aka auna su a kai. Wanda ya auna Bullet da tafet a rufe, ko ya auna Honda daga farkon motsin allura, zai samu lambobin da suka fi na littafi girma nesa, ya ɗauka injinsa ya lalace alhali lafiya lau yake. Kayan awo a hannun wanda ba a koya wa ba suna iya jawo ɓarnar da alamomin kamfani ba za su jawo ba, kuma ina ganin alhakin mai sayarwa ne ya haɗa da bayani, ko da shafi biyu ne.

Mai babur ɗaya da yake hawa zuwa aiki ko gona ba ya buƙatar wannan akwati. Filageji mai kyau da canjin baƙin mai a kan lokaci za su fi yi masa amfani, kuma idan injinsa bai taɓa shiga hannun da ya raba kes ba, alamomin sun ishe shi. Wanda nake ba shawarar ya saya shi ne mai garejin da ake kawo wa injinan da aka haɗa da kayan wurare dabam-dabam, da mai farfaɗo da tsofaffin babura, da duk wanda yake goge tof silinda ko canza boris ɗin kiranshaf. Idan ana sayar da kayan ɗaya-ɗaya, faifan da agogon kawai za a ɗauka, a bar ƙusar da wayar da gindin maganaɗisun, a kai tsofaffin fulogai biyu wurin mai walda. Agogon ba ya son ƙura, musamman a lokacin hunturu, domin da ta shiga sandarsa sai ta fara maƙalewa, allura ta riƙa tsalle maimakon tafiya a hankali. A goge sandar da busasshen ƙyalle bayan kowane aiki, kada a ɗiga mata baƙin mai domin shi ke tara ƙurar, kuma a ajiye faifan a kwance a cikin akwatinsa, saboda alminiyam ɗin siriri ne, ko sifana ce ta faɗo masa zai lanƙwashe.